MU SAN GARURUWANMU: MAHUTA, JAMA'ARTA DA WURAREN IBADARTA

A wannan wata za mu yada zango a garin Mahuta, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fakai, cikin Masarautar Zuru ta Jihar Kebbi. Yawancin matafiya ba su san Mahuta ba sai a matsayin wurin da mota ke tsayawa a sha ruwa a kan hanyar Koko zuwa Dabai. Amma duk wanda ya sauka ya yi tambaya zai tarar da ƙasa mai dogon tarihi. Mafi yawan tarihin nan kuwa yana rataye ne da wurare uku: tsofaffin wuraren bauta na kan duwatsu, da masallatai, da majami'u. Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, kusan duk tarihin a ka yake, ba a takarda ba, masu riƙe da shi kuma tsufa ya cim musu.

INA MAHUTA TAKE?

Mahuta tana kudancin Jihar Kebbi, yamma da garin Zuru. Sunan garin Hausa ne tsantsa, watau wurin hutawa. Irin waɗannan sunaye, kamar Zango da Tunga da Mahuta, ana samun su da yawa a inda matafiya da baƙi suka saba sauka. Sunan ƙasar kuwa, watau Fakai, daga tsohon mazaunin Fakkawa ya fito. Kun ga tun daga sunayen nan biyu mutum zai gane cewa 'yan ƙasa da baƙi ne suka haɗu suka raya wurin.

Masarautar Zuru tana da ƙasashe biyar: Dabai, Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu. A tsarin mulkin zamani kuma an raba ta ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Fakai, Danko-Wasagu da Sakaba. An kafa Ƙaramar Hukumar Fakai a 1996. Faɗinta ya wuce murabba'in kilomita 2,000, kuma a ƙidayar 2006 an sami mutum kimanin 120,000 a cikinta. Ban da Mahuta akwai garuruwa irin su Bajida, Marafa, Birnin Tudu, Kangi da Maikende. Noma ne babbar sana'ar jama'a. Ana noma dawa, gero, masara, shinkafa, wake da gyaɗa, ana kuma kiwo.

An sha sauya wa wannan yanki gida. A zamanin Turawa ya zauna cikin Lardin Kwantagora, ya zauna cikin Lardin Sakkwato, daga baya ya koma Lardin Neja. A 1967 ya faɗa cikin Jihar Arewa Maso Yamma. Da aka raba jihar a 1976 sai aka sa Zuru cikin Jihar Sakkwato. Ran 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Kebbi, Zuru ta zama ɗaya daga cikin masarautunta huɗu, tare da Gwandu da Argungu da Yawuri.

SU WANE NE MUTANEN ƘASAR?

Baƙo yakan kira duk mutumin Zuru Badakkare. Wannan kuskure ne, ko da yake tsohon kuskure ne. Wani jami'in Turawa mai suna P. G. Harris, da ya yi rubutu a kan yankin a 1938, shi ma ya tara ƙabilu da yawa ƙarƙashin sunan Dakarkari. Gaskiyar magana ita ce, Dakarkari suna kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'Lela. Mutanen ƙasar Fakai kuwa harshensu daban ne. Hausawa na ce masa Fakkanci, masana harsuna kuma suna rubuta shi da sunan ut-Ma'in.

Masu wannan harshe dangi-dangi ne. Akwai Kag, waɗanda Hausawa ke kira Fakkawa. Akwai Jiir, watau Gelawa, da Ror, watau Tudawa. Akwai kuma Fer da Koor da Us da Zuksun da Kelawa. Kowane dangi yana da karin harshensa da tsohon mazauninsa, amma suna jin maganar juna. Masana sun sa ut-Ma'in da C'Lela da Dukanci da Kambarci cikin babban rukuni guda da suke kira rukunin Kainji. Watau dai kakanninsu 'yan'uwa ne, tsawon zamani ne ya raba harsunan.

Ban da waɗannan, akwai Hausawa da Fulani da suka daɗe a ƙasar, wasu fatauci ya kawo su, wasu malanta, wasu noma, wasu kiwo. A yau Hausa ce harshen kasuwa da na tasha. Wannan ya sauƙaƙa hulɗa, amma ya zo da nasa haɗari, domin yara da yawa da aka haifa a cikin gari ba su iya harshen kakanninsu sosai ba. Tarihin kowane dangi kuwa, da waƙoƙinsa da sunayen wurarensa, cikin wannan harshe suke.

ZAMAN KAN DUTSE

Me ya sa tsofaffin garuruwan wannan yanki suke kan duwatsu ko cikin kurmi? Amsar ita ce tsaro. Yankin yana tsakanin manyan dauloli: Kabi ta arewa maso yamma, Zamfara ta arewa maso gabas, Yawuri ta kudu maso yamma. Akwai ma labarin baka da ke cewa kakannin Dakarkari dakarun Kanta ne, Sarkin Kabi na ƙarni na 16, wai daga nan sunan ya samo asali.

A ƙarni na 19 al'amari ya ƙara tsanani. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kwantagora wajen 1864. Daga zamaninsa har zuwa na ɗansa Ibrahim, hare-haren kamun bayi sun addabi ƙabilun wannan sashe. Doki ba ya hawan dutse da sauƙi, saboda haka dutse ya zama garu. Mutane kan sauko gona da rana, su koma sama kafin duhu, kwari da baka a kafaɗa.

Turawan Ingila sun ci Kwantagora a 1901. Da hare-hare suka lafa, sai jama'a suka riƙa saukowa sannu a hankali. Wasu faɗin gona da kusancin ruwa suka jawo su. Wasu kuma hukuma ce ta matsa musu, domin garin da ke bakin hanya ya fi sauƙin ƙidaya da karɓar haraji. Ta haka garuruwan fili irin su Mahuta suka bunƙasa, na kan dutse da yawa suka koma kufai. Sai dai mutane sun sauko da hatsinsu da dabbobinsu, amma kaburburan kakanni da wuraren bautarsu suna can sama inda aka bar su.

BAUTAR GARGAJIYA DA AIKINTA

Wurin bautar gargajiya a wannan ƙasa ba babban gini ba ne. Yakan zama kurmi, ko gindin wata itaciya, ko kogon dutse, ko tafki, ko ɗan ƙaramin ɗaki na jinka. Sananne a cikinsu shi ne Girmace da ke Zuru, wurin ruwa mai duhuwar itatuwa, inda kadoji ke zaune ba mai taɓa su.

Ko mutum Musulmi ne ko Kirista, ya kamata ya san aikin da waɗannan wurare suka yi a zamaninsu, domin ba kotu a lokacin, ba ɗan sanda, ba makaranta. Ga kaɗan daga ciki.

Na farko, shari'a. Akwai tsafin Magiro, wanda aka sani a wurin Dakarkari da Dukawa da Kambari da Kamuku, har da Maguzawan ƙasar Hausa. Na maza ne, mata da yara ba sa ganinsa, sai dai su ji muryarsa. Dattawa kan yi amfani da shi wajen horon mai laifi da tabbatar da dokar gari. Wanda aka zarga da sata ko maita, can ake kai shi ya rantse.

Na biyu, lissafin shekara. Dattawan bauta ne ke sanar da lokacin bukukuwan damina da na kaka. Babban bikin kaka na Dakarkari shi ne Uhola, na godiya bayan an kawar da amfanin gona. Marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, Gomo na Biyu, ya ɗaukaka bikin har ya zama taron al'adu da nunin amfanin gona na masarautar baki ɗaya.

Na uku, tarbiyyar samari. A al'adar Golmo, saurayi ba kuɗi yake biya ya auri mata ba. Shi da tsararrakinsa za su yi wa surukinsa noma har damina bakwai. Kafin nan ya sha kokawa a dandali. Wanda ya fito daga wannan horo ya san haƙuri da biyayya da aiki cikin ƙungiya.

Na huɗu, tunawa da magabata. Matan Dakarkari sun shahara wajen gina tukwane da siffofi na yumɓu da ake ɗorawa a kan kaburbura. Kabarin gwanin kokawa, ko babban maharbi, ko sarkin noma, yakan sami siffa ta musamman. Wanda ya iya duban su zai gane ko wane irin mutum ne ke kwance a wurin. A taƙaice, waɗannan tukwane su ne rubutun mutanen da.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Tun da ba a saran itace a kurmin bauta, a wurare da yawa shi ne kaɗai ragowar dajin da, inda har yanzu ake samun manyan itatuwa da saiwoyin magani da idon ruwa.

MASALLACI DA MAJAMI'A

Musulunci ya shigo ƙasar Zuru ta hannun fatake da malamai Hausawa da kuma Fulani. Da farko ya fi ƙarfi a zangon baƙi da fadar masu sarauta. Bayan saukowa daga duwatsu, sai kasuwa da auratayya da makarantar allo suka yaɗa shi cikin ƙauyuka. Masallaci ya kawo abin da wurin bautar da bai da shi, watau karatu da rubutu. Malamin da ke koyar da Alƙur'ani shi ne kuma mai rubuta wa jama'a wasiƙa da ajami.

Addinin Kirista ya shigo ne ta hannun Turawan mishan na ƙungiyar UMS, daga Amurka da Kanada, waɗanda suka buɗe tasha a Zuru a tsakiyar shekarun 1920. Daga aikinsu ne majami'ar UMCA ta fito. Sun buɗe makarantu da ɗakunan shan magani, sun kuma yi asibiti a Tungan Magajiya, wadda yanzu take cikin Jihar Neja. Daga baya Katolika da sauran ɗariƙu suka biyo. Da Hausa aka fi yin wa'azi, da ita kuma aka koya wa mutane da yawa karatun boko.

Hanya ta uku da addinan biyu suka bi ita ce bariki. Turawa sun ga jarumtar samarin da Golmo ya hora, suka ɗebe su soja da yawa. Hausa ce harshen bariki a lokacin. A Yaƙin Duniya na Biyu, rundunoni na 81 da na 82 na Afirka ta Yamma sun ratsa Indiya suka yi yaƙi a Bama tsakanin 1943 da 1945. Sojojin da suka dawo gida, wasu sun dawo da salla, wasu da Littafi Mai Tsarki, da yawa kuma da son sa 'ya'yansu makaranta. Wannan gado ne ya sa ƙasar Zuru ta fitar da manyan hafsoshi irin su Janar Sani Sami, wanda ya yi gwamnan Jihar Bauci daga 1984 zuwa 1985, da Janar Muhammadu Magoro, da Janar Tanko Ayuba, da Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999.

Ku duba sunayen nan da kyau, akwai Musulmi akwai Kirista. Haka gidajen wannan ƙasa suke. Ba abin mamaki ba ne a sami wa yana zuwa masallacin Juma'a, ƙane yana zuwa majami'a ran Lahadi, kakansu kuma ya rasu yana bin gargajiya. Ana zuwa bikin juna, ana zuwa jana'izar juna. Wanda ya san cewa kakansa da kakan maƙwabcinsa dutse ɗaya suka ɓuya a kai, da wuya wani ya zuga shi ya ƙone wa maƙwabcin nan wurin ibada. Amfanin sanin tarihi ke nan.

DARASI DAGA WANI ƘARAMIN GARI A INDIYA

To, yaya ƙaramin gari ke adana tarihinsa kada ya ɓace? Bari mu ɗauko misali daga Indiya, ƙasar da muka ce sojojinmu sun ratsa. A kudancinta akwai jihar Tamil Nadu, ta mutanen da ke magana da harshen Tamil. A can akwai wani ƙaramin gari mai suna Uttaramerur, a gundumar Kanchipuram, kudu maso yamma da birnin Chennai, wanda a da ake kira Madras. Garin manoman shinkafa ne, yawancinsu mabiya addinin Hindu, kuma yana da tsofaffin ɗakunan bauta na dutse.

A jikin bangon ɗaya daga cikinsu, mai suna Vaikunta Perumal, an sassaƙa rubutu a shekarun 919 da 921 Miladiyya, zamanin wani sarki Parantaka na daular Chola. Rubutun ya bayyana yadda garin ke zaɓen masu kula da al'amuransa. An raba garin unguwa 30. Mai neman shiga sai ya kasance tsakanin shekara 35 da 70, yana da gida da gonar da yake biya wa haraji, yana kuma da ilimin littattafan addininsu. Akan rubuta sunaye a kan ganye irin na giginya, a zuba cikin tukunya, a kira ƙaramin yaro ya sa hannu ya zaro ɗaya domin kowace unguwa. Waɗanda aka zaro ana raba su ƙungiya-ƙungiya: masu kula da tafkin ban ruwa, masu kula da lambuna, da masu duba al'amuran shekara. Wanda ya riƙe muƙami bai kawo lissafin kuɗi ba, an hana shi sake tsayawa, shi da danginsa na kusa.

Tsarin ba na kowa da kowa ba ne, na maza masu ƙasa da ilimi ne kawai. Amma abin lura a nan shi ne, bayan fiye da shekara 1,100, ana iya zuwa a karanta dokokin nan a jikin bango. Ba wai mutanen Uttaramerur sun fi kakanninmu tsari ba ne. Golmo tsari ne, shari'ar dattawa ma tsari ce. Bambancin kawai shi ne su sun rubuta.

ABIN DA KE NEMAN SALWANTA

An yi ɗan ƙoƙari a baya. A 1990 malaman jami'a A. R. Augi da S. U. Lawal sun tattara littafi a kan tarihin mutanen Masarautar Zuru. Sai dai da Turanci aka rubuta shi, kuma ba littafin da zai iya ɗauke labarin kowane ƙauye. Abubuwa uku ne ke cin sauran.

Na ɗaya, mutuwa. Dattawan da suka ji labarin zaman kan dutse daga bakin waɗanda suka yi shi sun kusa ƙarewa. Shi kansa Sarki Sani Sami Allah Ya yi masa rasuwa a watan Agusta, 2025, bayan kimanin shekara 30 a kan gado.

Na biyu, sata da sakaci. Ana ganin tukwanen kaburburan Dakarkari a gidajen tarihi da hannun masu tara kayan da a Turai da Amurka, alhali jikokin masu su da yawa ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Kurmin bauta kuma gatarin masu gawayi na cin sa.

Na uku, rashin tsaro. A watan Yuni, 2021, 'yan bindiga sun kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu, kamar yadda 'yan sanda suka tabbatar. A watan Nuwamba, 2025, an sace 'yan mata 25 daga makarantar sakandare ta Maga, daga baya suka kuɓuta. Masu wannan ta'asa ba sa tambayar addinin wanda suka tarar. In ƙauye ya watse, mutane sukan sami wurin fakewa a gari, amma sanin iyakar gonaki, da kabarin wane, da wanda ya fara gina masallaci ko majami'a, yakan watse tare da su. Gobe in an dawo, rashin wannan sani ne ke haifar da rigimar gona da ta sarauta.

AIKIN DA KE GABANMU

Wannan aiki bai buƙatar digiri. Duk wanda ya kammala ajin yaƙi da jahilci zai iya yin sa da littafin rubutu da biro. Muna ba malaman azuzuwa na Mahuta da sauran garuruwan ƙasar Fakai shawara su raba ɗalibansu biyu-biyu, su je wurin dattawa, maza da mata, da ladabi da ɗan goro, su yi waɗannan tambayoyi:

1. Baba, ko Inna, daga wane dutse ko kufai kakanninmu suka sauko, kuma a zamanin wane sarki?

2. Yaya sunan wurin da harshenmu, kuma mene ne ma'anarsa?

3. Waɗanne bukukuwa ake yi a shekara, kuma mene ne dalilin kowanne?

4. Wa ya fara gina masallaci a garin nan, wa ya ba da filin, su wane ne limaman da aka yi bi da bi?

5. Wa ya fara gina majami'a, wa ya ba da filin, wa ya fara koyar da karatu a cikinta?

6. Su wa suka tafi soja daga garin nan, ina aka kai su?

A rubuta amsar yadda dattijo ya faɗe ta, a sa sunansa da ranar da aka yi hirar. In dattawa biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun, kada a zaɓi ɗaya. Abin da aka ce asiri ne, a bar shi, kada a matsa. Kada kuma a ɗauko komai daga kabari ko kurmi. Mai wayar hannu ya ɗauki murya da hoto in an yardar masa. In an gama, a yi kwafi uku: ɗaya a gidan mai gari, ɗaya a makarantar firamare, ɗaya a aiko wa ofishin hukumarmu mafi kusa. Waɗanda suka yi kyau za mu buga su a wannan fili.

Rubuta tarihin wurin bautar kakanni ba komawa gare shi ba ne, kamar yadda sanin sunan kakanka ba bauta masa ba ne. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kakannin mutanen Fakai sun tsare mana rai a kan dutse, mu kuma da Allah Ya ba mu karatu, sai mu tsare musu labari a kan takarda. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.